Yatsun da Na'ura Ta Ƙi Karɓa

Ƙarar ta fara ne a daren wata Talata, bayan an ƙirga mutane an kulle ƙofofi. Ba tari ba ne, ba kuka ba ne, ba kuma famfon nan da ke ɗiga tun bara ba ne. Wani siririn sauti ne, shuu, shuu, shuu, ya yi kamar sau ashirin ya tsaya, kamar mai yin sa yana duba aikinsa, sannan ya koma.

Askarawa biyu ne ke gadin ambar na bakwai a daren, Bandar da Nuraddeen. Ambar shi ne dogon ɗakin da ake zuba waɗanda aka kama ba su da iƙama, wato takardar zama a ƙasar, su jira ranar da za a sa su a jirgi. Gidan baki ɗaya ana ce masa tarhil, yana can bayan Jidda inda iskar teku ba ta kaiwa. Fitilunsa ba a kashe su dare da rana, har tsuntsayen da suka yi sheƙa a rufinsa sun rikice, suna kuka a lokacin da ba nasu ba.

Bandar ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Ka ji? Wani ɗan banza na wasa cokali. Wallahi gobe sai mu tsinci mutum da rami a ciki. Yalla, ya Hausawi, tashi."

Nuraddeen bai tashi nan take ba. Ya san ƙarar. Shekara goma sha ɗaya yana kwana a ƙarƙashinta.

A gidansu na unguwar Ruwais akwai wani ɗan ɗaki a saman bene, nan surukinsa Malam Haladu yake zaune. Sana'ar tsohon ita ce carbi. Yakan tara ƙwallon dabino, ya goga kowanne a kan dutse har ya yi sumul, ya huda, ya zura a zare, ya kai kasuwar Bab Makka da ke cikin Jidda ya sayar wa alhazai. Kwana goma sha tara ke nan da ya sauko da jakarsa ya tafi Bab Makka bai dawo ba. Tun a makon farko Nuraddeen ya duba jerin sunayen tarhil, bai ga sunansa ba.

Suka buɗe ƙofa. Mutum ɗari da wani abu kwance a ƙasa, kowa cikin bargonsa mai ruwan toka da jan layi a baki. Suka tsallake ƙafafu har ƙuryar ɗakin. Can kusa da bangon bayi wani tsoho na zaune ya ba su baya, yana goga wani abu a siminti. Da ya ga inuwa ya waiwayo. Idonsa ya sauka a kan takalman Nuraddeen, ya hau har gwiwa, ya tsaya nan. Bai ƙara ɗagawa ba.

Bandar ya ce, "Caje shi. Naku ne, ni ba na son ƙwarƙwata."

Tun ranar ɗaurin aure Nuraddeen bai sake taɓa mutumin nan ba. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, ba su taɓa zama a shimfiɗa ɗaya ba. In suka yi kiciɓis a matakala, ɗaya ne ke komawa baya ya yi kamar ya manta wani abu. Abin da ke tsakaninsu gaisuwar safe ce daga bakin ƙofa, a durƙushe. Kakan Nuraddeen ya zo ƙasar nan da ƙafa ta hanyar Sudan, zuriyarsa sun zama 'yan ƙasa, Hausa ta koma musu ta kunne, a baki tana fita guntu-guntu. Amma kunyar surukai ba ta ragu da ko ƙwaya ɗaya ba.

Yanzu ga shi yana shafa hamatar tsohon, yana shafa haƙarƙarinsa, yana lalube ƙugunsa. Jikin ba nauyi, kamar kwandon da aka zazzage. Ya fito da ƙwallon dabino bakwai, da 'yar waya da aka ciro daga jikin tsintsiya, da zaren da aka zare daga bakin bargo. A hannun tsohon akwai robar da ake ɗaura wa kowa. Nuraddeen ya karanta. Abdulwahid. Ba sunan uba, ba gari.

Bandar ya ƙyalƙyale da dariya. "Carbi! Mun taso da sanda saboda carbi. Bar masa kayansa, ya roƙa mana ƙarin girma."

Nuraddeen ya san dalilin sunan ƙaryar. Malam Haladu a hanya aka haife shi, tsakanin wani gari da wani gari da uwarsa ma ba ta riƙe sunayensu ba. A goye ya shigo Jidda, bai taɓa mallakar takarda ba. Da aka haifi 'yarsa Zubaidatu, sai ƙanin uwarta, wanda yake ɗan ƙasa ne, ya rubuta ta cikin 'ya'yansa. Ƙanin ya rasu, uwar ta rasu. A takarda Malam Haladu ba shi da 'ya, Zubaidatu kuma ba ta san shi ba. Duk ranar da aka haɗa sunansa da nata, takardarta ta zama ƙarya, da ta 'ya'yanta biyu, su Rahma, da auren, da kakin da ke jikin Nuraddeen.

Da safe ya koma gida ya tarar da Zubaidatu na sa abaya. Maƙwabciyarsu Mastura na jiranta a bakin ƙofa, tsohuwa mai faɗin murya da ke sayar da yaji da kuka a gida. Asibiti na shida za su je neman tsohon.

Mastura ta ce, "Nura, ɗana, ka sake duba mana a wajenku. Ni na san gidan nan. Wata biyu na yi a ɓangaren mata shekarun baya, kafin kafilina, wanda ya tsaya mini a takarda, ya tuna da ni. Mutum na shiga ya ɓace kamar gishiri a miya. Har yau in na ga bargo mai ruwan toka sai jikina ya hau ƙaiƙayi."

Ya ce, "Hala Mastura, na duba. Sunan babu."

Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta fi ƙarya ɗaci a bakinsa. Ya ce a ransa zai gaya wa Zubaidatu in ta dawo. Da ta dawo da kumburarrun ƙafafu sai ya ga in ta ji, ba abin da zai hana ta zuwa bakin ƙofar tarhil tana kiran Baba. Ya ce sai gobe.

A tarhil ba a fitar da mutum sai an ɗauki basma, wato sai na'ura ta karɓi zanen yatsunsa, don kada ya sake dawowa. Ran Lahadi aka jera mutanen ambar na bakwai. Kowa ya ɗora yatsa, gilashin ya yi kore, ya wuce. Tsohon ya ɗora, gilashin ya yi ja. Aka goge, aka shafa masa ruwa, aka danna da ƙarfi. Ja. Mai na'urar ya juya hannun ya duba, ya kira abokansa su zo su ga abin mamaki. Yatsu goma sumul kamar cikin kofi. Shekara hamsin na guga sun cinye zanen, simintin ambar kuma ya ƙarasa abin da ya rage.

Mai na'urar ya ce, "A mayar da shi. In ya huta zanen zai tsiro. Mako uku, huɗu."

Nuraddeen na tsaye a bakin ƙofa, sai wani tunani ya zo masa. Muddin tsohon na guga, na'ura ba za ta karɓe shi ba. Muddin ba ta karɓe shi ba, yana Jidda. Lallai, ya ce a ransa, dabarar Baba ke nan. Ya san abin da yake yi. Ba ya so a yi magana, lokaci yake so.

Washegari ya tsaya a Bab Makka ya sayi dabino kilo biyu, mai manyan ƙwallo. Ya ce wa Bandar sadaka ce ta mahaifiyarsa. Ya miƙa ledar ta tagar ƙofa ba tare da ya dubi ƙuryar ɗakin ba. Mutane suka ci, suka tara wa tsohon ƙwallayen, don sun riga sun san shi. A daren ƙarar ta fi ta kullum tsawo.

Haka aka yi wata huɗu. Duk Litinin da Alhamis leda na shigowa, duk Lahadi gilashi na yin ja. Mutane suka zo suka tafi, ambar ya cika ya zube ya sake cika. Carbin tsohon ya bi su Kano da Yamai da Injamena a wuyansu. Nuraddeen ya koma neman aikin dare da kansa. Yakan zauna a kujerar ƙarfe ya lumshe ido, ƙarar na zuwa ta ƙarƙashin ƙofa, sai ya ji kamar yana kwance a gida, Zubaidatu na gefensa, Baba na sama. Wani lokaci har yakan ji ƙamshin shayin da tsohon ke dafawa da kanumfari.

A gida kuwa Zubaidatu ta daina zuwa asibiti. Ta koma hawa bene da hantsi ta share ɗakin, ta sauko. Ba ta yarda a yi sadakar mamaci ba, ba ta kuma sake sa lalle ba.

Tsohon ya rame. Tari ya kama shi daga sanyin na'urar sanyaya ɗaki. Mai kula da shi wani Souleymane ne, direba ɗan Damagaram, wanda takardarsa ta maƙale shi ma saboda wata tsohuwar tara. Shi ke karɓar ledar dabino a taga, kuma bakinsa ba ya shiru.

"Shef, Allah ya kai ladan kabarin Hajiya. Ko tana da rai? To Allah ya ƙara mata lafiya. Shef, ka ce ba ka jin Hausa sosai, amma in na zagi wancan abokin naka sai in ga kunnenka ya motsa."

Nuraddeen ya ce, "Halas. Koma ciki."

"Ina ciki ai, shef. Ina kuma zan koma?"

A wata na biyar aka kawo sabon hafsa, Mulazim Nayef, saurayi mai tabarau wanda ba ya son ganin tsohuwar takarda a teburinsa. Ya ce a kawo masa Abdulwahid ɗin nan ran Laraba. Tun da aka kama shi tsohon bai furta kalmar Larabci ba, shi da ya girma a lungunan Ammariyya ta Jidda, don kada harshensa ya nuna inda ya fito. Saboda haka aka kira Nuraddeen ya yi tafinta.

Tsohon ya shigo da rigarsa a wanke, ba ta ma gama bushewa ba. Mulazim ya ba shi kujera. Nuraddeen ya tsaya a gefe, yana kallon fanka.

"Tambaye shi garinsu."

Nuraddeen ya ce, "Baba... an ce, ina garinku?"

Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi masa.

Tsohon ya ce, "A hanya aka haife ni."

"Tambaye shi, yana da 'ya'ya?"

Tsohon ya daɗe yana murza yatsunsa. "A takarda, babu."

Nuraddeen ya ce wa Mulazim, "Ya ce babu."

Mulazim ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce, "Ka ga, ni ba na jin daɗin wannan. Mutum kamar kakana, yana tari a ƙasan siminti. Gaya masa, in akwai ɗan ƙasa da ya san shi, ya zo ya tsaya masa. Ya faɗi yadda suka san juna da gidan da yake zaune, ya sa hannu, ni kuma in rubuta a duba lamarinsa. Ban yi alkawari ba. Za a yi bincike, za a tona. Amma ƙofa ce. Tambaye shi, akwai wanda ya san shi a garin nan?"

Nuraddeen ya juya maganar da Hausarsa mai ɗingishi. Fanka na juyawa. A waje wani na jan keken abinci, ƙafarsa ɗaya na kuka. Tsohon ya dubi takalman Nuraddeen, kamar yadda ya dube su a daren farko, ya ce a hankali:

"Wanda ya san ni, shi zai faɗa."

Mulazim ya ce, "Me ya ce?"

Nuraddeen ya ga Zubaidatu zaune a kan wannan kujerar ana tambayarta sunan ubanta. Ya ga 'ya'yansa an tsayar da su a ƙofar makaranta. Ya ga robar nan a hannunsa shi ma. Bakinsa ya buɗe, Larabci ya fito tsaf, ba ɗingishi.

"Ya ce babu kowa, ya Mulazim."

Tsohon bai motsa ba. Ya ji kowace kalma, da harshen da ya fi Nuraddeen iyawa. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa mai danshi, ya bi askarin da ya kawo shi.

A daren ba a ji ƙarar ba. Nuraddeen ya kasa kunne har aka kira asuba, famfo kawai ke ɗiga. Ran Alhamis ya kawo dabino kilo uku. Mutane suka ci. Da aka yi shara ya ga ƙwallayen a cikin bola, haɗe da ɓawon lemo. Ya sake kawowa ran Litinin, ya sake gani. Ya leƙa ta taga. Tsohon na zaune a ƙuryarsa, hannayensa biyu a kan gwiwa, tafukan na kallon sama, kamar mai shanya su.

Sau biyu Nuraddeen ya je har ƙofar ofishin Mulazim. Na farko ya tarar yana waya. Na biyu ya tarar ba ya komai, sai ya tambaye shi maganar hutu.

Lahadi ta huɗu gilashin ya yi kore. Mai na'urar har tafi ya yi.

Saura ƙasar da za ta karɓe shi. Da jami'an Nijar suka zo tantance mutanensu, Souleymane ya rantse musu tsohon kawunsa ne, ɗan Damagaram, tsufa ne ya ɗauke masa tunani. Aka rubuta.

Ranar tafiya Nuraddeen ne ke ƙirga mutane a ƙofar bas. Zafi ya sa kwalta na walƙiya kamar ruwa. Tsohon ya zo da ledarsa, ya wuce ta gabansa, kafaɗarsa ta kusa gogar tasa, kansa a ƙasa. Nuraddeen ya ce, "Arba'in da ɗaya." Tsohon ya hau ya zauna ta ɗaya gefen, inda taga ke kallon bango.

Souleymane ne na ƙarshe. Ya tsaya kamar yana gyara takalmi, ya cusa wani abu a tafin Nuraddeen.

"Ya ce in ba ka. Na ce, Baba, ba saƙo? Ya ce babu." Ya rage murya. "Shef, wata biyar ina kallonku. Duk duniya ba mutum biyu da ke gudun idon juna haka sai surukai. Ban gaya wa kowa ba, kada ka ji tsoro. Gidanmu zan kai shi, uwata na da ɗaki. Sai dai tsohon nan ko fura bai iya sha ba, ful da tamis, wake da gurasar Jidda, ya sani."

Nuraddeen ya ce, "Shi ne... shi ba ya so a faɗa. Shi ya sa suna na ƙarya."

"Sunan ƙarya don 'yarsa ne, wannan na gane. Amma ranar da Mulazim ya kira shi, tun asuba ya wanke rigarsa. Ya naɗe bargonsa, ya ba ni sabulunsa, ya raba wa yara kofinsa da tawul. Ya ce yau gida zai kwana. Na ce wa zai fitar da kai? Ya ce akwai wanda ke ta aiko masa da dabino, ai ba banza ba." Souleymane ya miƙe. "Da ya dawo sai da na mayar masa da sabulun. Rubuta, shef. Arba'in da biyu."

Bas ta tashi. Nuraddeen ya buɗe hannunsa. Carbi ne ƙarami, mai talatin da uku, ƙwallayen sun yi sheƙi kamar an shafa musu mai.

Kwana tara yana yawo da shi a aljihu. Ran Juma'a bayan la'asar, Zubaidatu da Mastura na tsakar gida suna tsince shinkafa, ya hau bene. Bai taɓa shiga ɗakin ba, iyakarsa bakin ƙofa. Ya cire takalmi ya shiga. Shimfiɗa a gyare, butar shayi a kife, gwangwanin ƙwallaye a gefen dutsen guga. Tsakiyar dutsen ya lotsa kamar tafin hannu. Ta taga ana hango teku, fari fat, da jiragen ruwa da ke tsaye a kai kamar an manta da su. Ya zauna, ya ɗora carbin a gwiwa. Ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya ɗora a dutsen, don kawai ya ji yadda abin yake. Ya goga. Shuu, shuu, shuu.

Daga ƙasa ya ji faranti ya faɗi, shinkafa ta watse. Ya ji ƙafafu a matakala, ba takalmi, da muryar Zubaidatu tana tsinkewa, "Baba! Baba!"

Ta tsaya a ƙofa tana haki. Ta dube shi, ta dubi ɗakin, ta leƙa bayan ƙofa. Mastura ta iso bayanta tana dafe da ƙirji.

"Kai ne, Nura? Wallahi ka kusa kashe yarinyar nan."

Zubaidatu ta durƙusa a hankali ta ɗauki carbin daga gwiwarsa. Ta murza shi. Ta ce, "Hannun Baba ne. Duba hudar, shi kaɗai ke yin ta a karkace haka. Amma ban san wannan ba. Kullum ina share ɗakin nan, Abu Rahma, ban taɓa ganinsa ba."

Mastura ta ce, "Mu gani."

Ta kai shi bakin taga inda haske yake. Ta raba ƙwallaye biyu da farcenta, zaren ya fito fili, sili biyu a murɗe, ɗaya ruwan toka, ɗaya ja. Ta daɗe tana kallonsa. Ta kai hannu ta sosa wuyanta. Sannan ta juyo, muryarta ba faɗi ko kaɗan.

"Nura, ɗana, wannan ai zaren bargon tarhil ne. Wa ya ba ka?"